Lambun cikin gilashi: danshin iska daban, jiƙewar ƙasa daban

Mafi yawan ƙananan lambunan gilashi da ke lalacewa a hannun masu su, ruwa ne ke kashe su. Abin da ban tausayi, domin mai kashewar shi ne wanda ya fi kowa ƙaunarsu. Kullum yana tsaye a kansu da robar feshi. Ya ga ganye ya ɗan yi laushi ya fesa, ya ga gilashi ya bushe ya fesa, ya tuna an ce tsirran nan 'yan kurmi ne masu son danshi ya ƙara fesawa. Kafin a ce kwabo ƙasa ta fara wari, ganyen gindi ya yi rawaya, fumfuna ta lulluɓe itace. Asarar nan tushenta ɗaya ne: ɗaukar danshin iska da jiƙewar ƙasa a matsayin abu guda. Tsiron kurmi yana son iskar da ke kewaye da ganyensa ta kasance da laima, amma saiwarsa tana son ƙasa mai sako-sako wadda iska ke ratsawa. Wanda ya iya raba waɗannan biyu ya gama da kaso mafi girma na aikin.

Terariyam ɗan lambu ne da ake dasawa a cikin kwalba, ko tulun gilashi, ko akwatin gilashi irin na kiwon kifi. Asalinsa yana komawa ga wani likita a birnin Landan mai suna Nathaniel Bagshaw Ward. Mutum ne mai son tsiron fen, wannan mai rarrabben ganye da ba ya fure, amma hayaƙin kwal na birnin yana kashe masa duk wanda ya dasa a fili. A 1829 ya sa ƙwanson wani malam-buɗe-littafin dare a cikin kwalba tare da 'yar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rufe, yana jiran ya ga fitowarsa. Sai ya lura da rana danshi na tashi daga ƙasar ya taru a jikin gilashi, da yamma ya gangara ya koma inda ya fito. Ba a daɗe ba fen da ciyawa suka tsiro a ciki, suka rayu kusan shekara 4 babu wanda ya ba su ruwa. A 1833 ya aika akwatuna biyu na katako da gilashi cike da tsirrai zuwa Sidni ta ƙasar Ostireliya a jirgin ruwa, suka isa lafiya bayan watanni a teku, a 1842 kuma ya buga littafi a kan binciken. Da irin akwatunan nan Robert Fortune ya kwashi dubban tsirran shayi daga Sin zuwa Indiya a wajajen 1850. Abin lura a nan shi ne, akwatin da ya ratsa teku ba ya da mai yi masa feshi kullum. Ruwan da aka zuba tun farko shi ke ta kewayawa.

Ga yadda kewayawar take. Saiwa ta zuƙi ruwa daga ƙasa, ya hau kara, ya fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye a matsayin tururi. Ita ma ƙasar tana fitar da nata. Tururin ya gauraya da iskar cikin kwalbar, idan ya taɓa gilashin da ya fi iskar sanyi sai ya koma ɗigon ruwa, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a ɗaki mai zafi. Ɗigon ya gangara ƙasa, a sake daga farko.

Yanzu bari mu yi lissafin da nake ganin ya kamata duk mai riƙe da robar feshi ya san shi. Iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana tafiya ne da zafi. A ma'aunin Salshiyas 20, iska mai cika akwatin da kowane gefensa mita ɗaya ne tana ɗaukar kimanin giram 17 na ruwa. A 25 tana ɗaukar kimanin giram 23, a 30 kuma kimanin giram 30. Idan ma'auni ya nuna danshi kashi 80 cikin 100, yana nufin iskar ta ɗauki kashi 80 na abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. To, ɗauki kwalba mai cin lita 10. Iskar cikinta kashi ɗaya ce bisa ɗari na wancan akwatin, saboda haka a zafin 25 duk abin da za ta iya riƙewa bai kai rubu'in giram ɗaya ba. Wajen ɗigo biyar ke nan. Ƙaramin cokali guda na ruwa ya ninka wannan sau ashirin.

Ina sauran ruwan feshin yake zuwa? Ƙasa yake sauka, kuma kwalba ba ta da huji a gindi. Mutum yana ganin iska yake jiƙawa, alhali tafki yake ginawa a ƙarƙashin saiwoyi. A rufaffiyar kwalba mai ƙasa mai danshi, iskar ta riga ta kusa ƙoshi da kanta. Feshi ba ya ƙara mata komai a kai.

Lissafin nan ya kuma bayyana dalilin da ya sa ma'aunin danshi ke hawa da sauka ba tare da an taɓa komai ba. Iskar da ta ƙoshi a zafin 20 da asuba, idan ta ɗumama ta kai 30 da rana alhali ruwan cikinta bai canja ba, ma'auni zai sauko ƙasa da kashi 60. Sabon mai lambu ya ga haka hankalinsa ya tashi, ya ɗauko feshi. Da ya dakata zuwa dare, da ya ga lambar ta koma inda take.

Me ya sa ruwan da ya kwanta yake kisa? Saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar oksijin da ke cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike ramukan, saiwa ta shaƙe, ƙananan gashinta masu zuƙar ruwa su mutu, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa inda babu oksijin su samu wurin zama, sai ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ka ɗaga murfi. Ruwa ba ya tsami banza. Babban tarkon kuma shi ne, tsiron da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, don haka sai ya yi yaushi daidai yadda mai ƙishi ke yi. Mai shi ya tausaya masa ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Duk ranar da ka ga ganye ya langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take, ka ajiye robar feshi ka buɗe murfi.

Daga nan za a gane hikimar yadda ake jera gindin lambun. Da farko ana zuba tsakuwa, ko dunƙulallen yumɓun da aka gasa, kaurin santimita 2 zuwa 3. Wannan ma'ajiya ce da rarar ruwa ke sauka nesa da saiwa, kuma taga ce da za ka leƙa ta gefen gilashi ka ga ko ruwa ya taru. Ruwan dai yana nan bai fita ba, saboda haka idan ya fara hawa sai a zura siririn tiyo a kusurwa a zuƙe shi da sirinji. A kan tsakuwar ana shimfiɗa lallausar raga ta roba don kada ƙasa ta zube ta toshe ta. Mutane da yawa suna bin wannan da gawayi, suna cewa yana tsarkake ruwa har abada. Ni ban ɗora masa wannan nauyin ba. Amfaninsa da na yarda da shi shi ne, gutsattsarinsa ba sa ruɓewa, suna barin ƙofofin iska a cikin ƙasa, don haka na fi son a gauraya shi da ƙasar.

Ƙasar kanta ita ce inda ya fi cancanta a ɓata lokaci. Ƙasar gona ko ta tukunyar fure mai nauyi tana dankarewa a cikin gilashi. Abin da ake so haɗi ne mai riƙe danshi kuma mai barin iska: zaren ɓawon kwakwa, gutsattsarin ɓawon itace, busasshiyar gansakuka irin ta Sphagnum, gawayi, da ɗan farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falayit. Akwai wani sanannen haɗi da ya samo sunansa daga lambun tsirrai na birnin Atlanta a Amurka, masu lambun gilashi suna ce masa ABG, kuma kusan duka kayansa masu gautsi ne irin waɗannan. Kaurin santimita 5 zuwa 8 ya wadatar da ƙananan tsirrai. A tudanta ta ta baya, a gangaro da ita ta gaba, sai lambun ya yi kyan gani kuma a samu wuri mai ɗan bushewa da wuri mai ɗan laima.

A jiƙa ƙasar tun tana waje kafin a zuba. Ka ɗebo cikin tafin hannu ka matse. Idan ta dunƙule, hannunka ya yi sanyi, amma ruwa bai tsiyayo ta tsakanin yatsu ba, ta yi daidai. Idan ya tsiyayo, ƙara busasshiya. Wannan 'yar matsar ta fi duk wani gyara da za a yi daga baya, domin ƙara ruwa a kwalba aikin minti ɗaya ne, rage shi kuwa aikin makonni.

Zaɓen tsirrai ba ya buƙatar dogon bayani. A nemi ƙanana, masu jinkirin girma, masu son inuwa da laima: Fittonia mai jijiyoyin ganye farare ko jajaye, wadda asalinta kurmin Kudancin Amurka ne, musamman Peru, sai Selaginella, ƙananan fen, ƙananan Peperomia da Pilea, da gansakuka. Ficus pumila yana hawa bango da kyau, sai dai yana mamaye wuri idan ba a bi shi da almakashi. Kaktus da sauran tsirran hamada masu kaurin ganye ba su da wurin zama a rufaffen gilashi, ko da an gan su a hotuna sun yi kyau. Hoton ranar dashe ne. A wanke tsohuwar ƙasar da ke saiwar kowane tsiro, a duba bayan ganye ko da ƙwari, sannan a dasa da dogon hantsaki, a bar tazara tsakanin ganye da gilashi, domin ganyen da ya manne da jiƙaƙƙen gilashi shi ke fara ruɓewa.

Bayan dashe, a yi ɗan feshi a jikin gilashi don wanke ƙasar da ta fantsama, a rufe, a ajiye. Makonni uku ko huɗu na farko na kallo ne. Gilashin zai riƙa gaya maka halin da ake ciki. Ka duba shi da sassafe: idan lafiya lau ne, za ka ga ɗan hazo-hazo a gefe ɗaya, galibi gefen da ke fuskantar taga ko bango mai sanyi, ɗigon ƙanana sosai har sai ka matso ka gane su. Zuwa hantsi ya baje, ka ga tsirranka tangaran. Idan kuwa manyan ɗigo ne suka rufe ko'ina, suna gangarowa suna barin layi-layi, har azahar ba ka iya ganin ganye, ruwa ya yi yawa. Buɗe murfin na 'yan sa'o'i, ka goge gilashin da tsumma mai tsabta. Kowace gogewa ruwa kake fitarwa daga cikin kewayen. Ka maimaita kwana bayan kwana har hazon ya dawo na safe kawai. Idan kuma an yi kwanaki babu gumi ko kaɗan, gansakuka ta yi fari-fari ta yi kaushi a taɓi, saman ƙasa ya yi haske, to lokacin ƙari ya yi. Cokali ɗaya ko biyu a gindin tsirrai, sannan a jira kwana biyu a gani.

Sai dai a yi hattara, gumin gilashi shaidar bambancin zafi ne tsakanin ciki da waje. A ɗakin da zafinsa ba ya canjawa dare da rana, kwalba tana iya cika da danshi gilashinta kuma a bushe. A ɗaki mai na'urar sanyaya iska tana iya yin gumi sosai alhali ƙasarta ta fara bushewa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gilashi kaɗai. A haɗa da launin ƙasa ta gefe, da tsinken da aka soka aka zaro, da yanayin gansakuka.

To, feshi ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, a wurinsa. Gansakuka ba ta da saiwa ta gaskiya, 'yan zare ne kawai take kama wuri da su, ta jikinta take shan ruwa, don haka feshi shi ne shayar da ita. Haka tsirran da aka ɗaura a jikin itace ko dutse, da sabon reshen da aka dasa bai yi saiwa ba. Inda feshi ya zama aikin kullum shi ne akwatin da ke da raga a sama ko ƙofofin iska a gaba, domin can danshi fita yake yi, dole a riƙa mayar da shi. Ko a can ɗin, tasirin feshi a iska ba ya daɗewa. Abin da ke riƙe danshi na tsawon yini shi ne girman ƙofar da aka bari a buɗe da yawan jiƙaƙƙen abin da ke ciki. Wanda akwatinsa ke yawan bushewa ya fara rufe rabin ragar da gilashi ko roba kafin ya ninka feshi. A yi feshin da safe, da bututu mai fitar da ruwa lallausa, don ganye ya bushe kafin dare. Ganyen da ya kwana a jiƙe gayyatar fumfuna ne.

Akwai injinan feshi masu agogo da ke fesawa na 'yan daƙiƙoƙi a lokutan da aka saita, akwai kuma na'urar da ke girgiza ruwa ta mayar da shi hazo. An yi su ne don manyan akwatuna masu ƙofar iska, kuma duk wanda ya sa injin feshi sai ya tanadi hanyar fitar ruwa daga gindi, domin inji ba ya duba ƙasa kafin ya fesa. Ƙaramar kwalba ba ta buƙatar ko ɗaya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: danshi kashi 100 ba shi ne buri ba. Fitar tururi ta ganye shi ke jawo ruwa da sinadaran abinci daga saiwa zuwa sama. Idan iska ta ƙoshi gaba ɗaya dare da rana, wannan jan yana raguwa ƙwarai, sabon toho ya fito da rauni, ganye ya yi ta zama a jiƙe. Tsakanin kashi 70 zuwa 90 ya ishi yawancin tsirran da aka ambata, kuma hawa da saukar da ake samu tsakanin dare da rana alheri ne gare su. Buɗe murfi na ɗan lokaci sau ɗaya a mako, ko barin 'yar kafa a bakinsa, ko ƙaramar fankar kwamfuta a babban akwati, duk suna taimakawa. Na san ana kafa hujja da kwalbar David Latimer, Baturen Ingila da ya dasa tsiron Tradescantia a 1960, ya ba shi ruwa na ƙarshe a 1972, ya toshe bakin, tsiron ya ci gaba da rayuwa shekaru da dama. Labarin gaskiya ne, kuma abin sha'awa. Amma tsiro guda ne mai taurin rai a cikin ƙatuwar kwalba. Lambun da aka haɗa tsirrai iri biyar a cikinsa ana son kowanne ya yi kyau yana buƙatar hannu.

Ma'aunin danshi na lantarki yana da amfani ga mai koyo, amma masu araha suna yawan kuskure, musamman idan ruwa ya taɓa su. Gwada shi abu ne mai sauƙi. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, sa shi tare da ma'aunin a cikin mazubin da iska ba ta shiga, ka bar su su kwana. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a kashi 75. Idan ma'auninka ya nuna 68, ka san sai ka ƙara kimanin 7 a kan abin da ya faɗa.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwa yana tashi ya bar gishirin da ke cikinsa, kuma a kwalba babu inda gishirin zai je. Ruwan famfo mai yawan ma'adinai yana barin farin tabo a gilashi, a hankali ya taru a ƙasa ya ƙone gansakuka. Tafasa shi ba ya raba shi da duka gishirin. Ruwan sama mai tsabta, ko tataccen ruwan da aka cire wa ma'adinai, su suka fi. Saboda wannan dalilin taki ma sai dai kaɗan ƙwarai, ko a bar shi gaba ɗaya a shekarar farko. Ba saurin girma ake nema ba.

Haske kuwa a samar da shi da yawa, amma kada rana ta bugi gilashin kai tsaye. Rufaffiyar kwalba a cikin rana tana ɗaukar zafi da sauri, tana iya dafa tsirrai a yini ɗaya. Kusa da taga mai haske wadda rana ba ta shigowa, ko farar fitilar LED na sa'a 10 zuwa 12, ya wadatar, a zafin 18 zuwa 27. Haske da ruwa a ɗaure suke: tsiron da ke cikin duhu ba ya shan ruwa sosai, ƙasarsa ta daɗe a jiƙe, ruɓa ta samu hanya. Sau da yawa abin da ake zaton matsalar ruwa ce, matsar da kwalbar wuri mai haske ke warware ta.

Farar fumfuna mai kama da auduga takan fito a jikin itace a makonnin farko, kuma kada ta tayar da hankali. Tana cin abin da ya rage ne a jikin itacen, idan ya ƙare takan ja da baya. A goge wadda ta kusanci ganye, a ƙara iska. Mafi kyawun mataimaki shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙwari masu tsalle, Collembola, waɗanda tsawonsu bai wuce 'yan milimita kaɗan ba. Fumfuna da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba sa damun tsiro mai lafiya, kuma ana sayen su ne a zuba da gangan. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga ƙasa su kuma alama ce ta cewa saman ƙasar ba ya samun bushewa.

Sauran aikin na almakashi ne. A cire ganyen da ya yi rawaya tun bai narke ba, a datse kan Fittonia don ta yi rassa maimakon ta miƙe, a rage duk wanda ya fara yi wa na ƙasa da shi inuwa, a riƙa juya kwalbar don kada tsirrai su karkata gefe ɗaya. Gilashi da ruwa zalla ake goge shi, ban da sabulu. Bayan 'yan shekaru ɓawon itace da zaren kwakwa za su ruɓe, ƙasar ta sauka ta dankare, ka ga ruwa yana daɗewa a sama kafin ya nutse. Idan an kai nan gyaran murfi ko rage feshi ba za su wadatar ba. Sai a yanki rassa masu lafiya, a ɗaga gansakuka a ajiye ta a jiƙaƙƙen tsumma, a ɗebi 'yar tsohuwar ƙasa saboda ƙwarin da ke cikinta, a wanke tsakuwa, a haɗa sabuwar ƙasa a sake dasawa.